Murhu Daga Lakar Gidan Ruwa

Randar farko da na gina ba ta ga wuta ba. Ina 'yar budurwa a Kakangi, na yini ina fama da ita, na ɗaga mata wuya, na shafe bakinta da jiƙaƙƙen ganyen mangwaro har yana sheƙi. Iya Kande, wadda ta koya mini sana'ar, ta zo ta zagaya ta, ta gutsuri ɗan yumɓu daga gindinta ta ɗora a harshe, ta tofar, sannan ta sa ƙafa ta ture ta. Na yi kuka har da majina. Sai da na gama ta ce, "Hansai, yashi ya yi miki yawa. Da kin ɗanɗana kafin ki kwaɓa, da ba ki ɓata yininki ba." Ina ba ku wannan labari ne, ku 'yan matan da ake kawo mini koyon aiki, domin na ga irin kallon da kuke wa ginin tukwane. Gani kuke wasan ƙasa ne, kowa ya zauna zai iya. Wata ma ta zo mini da ƙunshi a hannu ranar farko.

Aikinmu a harshe yake farawa. Yumɓu mai kyau santsi ne da shi da sanyi, kuma yana ɗan kama harshe. In ya yi gurus-gurus a haƙori, yashi ne. In kin ji kanwa-kanwa, bar shi a inda kika gan shi, domin tukunyarsa ɓarewa za ta riƙa yi tun ba ta shekara ba. Sauran kayan aiki ba wasu abubuwa ba ne: tsohuwar tukunya da ake kifawa a barbaɗa mata toka a gina gindi a kanta, da dutse mai sulɓi na riƙewa daga ciki, da ɗan katako na bugu daga waje, da totuwar masara ta ado, da tsingaro da ake dakawa a gauraya don kada wuta ta fasa aikin. In tukwane sun fito daga wuta da zafinsu, sai a yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su yi duhu su toshe. Raminmu na yumɓu yana cikin daji, a gaɓar wani rafi. Da kaka ta wuce muke zuwa da jakuna mu kwaso na shekara, mu yi ta gini har ruwan farko ya sauka, domin ba a gashin tukwane da damina.

Akwai wata ƙa'ida tamu da nake so ku riƙe, don a kanta labarin nan yake. In an sami sabuwar ƙasa, ba a shigar da ita filin gashi haka nan. Babbar maginiya za ta taka da ƙafarta ta ga ramin. Sai a gina tukunya guda, a gasa ta a gefe, a zuba ruwa ya kwana. Wadda ta gina ita za ta fara sha, sannan a ajiye a ƙofar gida masu wucewa su sha. Sai an ga kowa lafiya ake karɓar ƙasar. Iya Kande ta ce a zamanin uwarta an taɓa samun wani yumɓu mai kyawun gani, aka gina randuna da shi, sai ga ruwa yana ɗaci, yara suna ciwon ciki. Tun daga lokacin babu wadda ke sayar wa mutane abin da ba ta fara sa bakinta a ciki ba.

Shekarar da daji ya rufe, mun je ramin kamar kullum. A zuwa na biyu 'yan bindiga suka tare matan da suka riga mu, suka tafi da biyu daga ciki har da jakunan. Sun dawo daga baya, amma babu wadda ta sake taɓa yumɓu a cikinsu. Ba a jima ba muka kwashe namu ya namu muka dawo cikin garin Birnin Gwari, aka ba mu aron wani fili a bayan unguwa muka mai da shi filin gashi. Filin gashi kuwa ba yumɓu, sai dai a zauna a yi hira. Mun gwada jar ƙasar kududdufan gari, ta ƙi. Ba ta da danƙo, kina ɗaga bango yana zubewa. Ɗan yumɓun da muka taho da shi muka yi ta lallaɓawa har ya ƙare. Masu saye su zo su tambayi randa, mu ce babu, su wuce kasuwa su sayi ta roba. A rani na biyu sai Lantana, ƙaramar cikinmu, mai 'ya'ya ƙanana da miji kwance, ta fara cewa ita fa za ta koma ramin. Ta ce an ce hanya ta yi sauƙi. Kullum ana cewa hanya ta yi sauƙi.

A cikin wannan hali wata yarinya ta yi sallama a filin, riƙe da bokitin fenti. Ta durƙusa ta gaishe mu da Hausarta mai daɗi, ta ce sunanta Rifkatu, daga jami'a take, mahaifinta ya taɓa koyarwa a firamaren Kazage, shi ya sa ta san ƙasar. Ta buɗe bokitin. Wata laka ce a ciki, ruwan toka-toka, lukwi kamar kullun kamu. Ban taɓa ganin ƙasa mai laushi irin wannan ba. Kafin ta gama bayani na lakato da yatsa na nufi baki. Sai ji na yi an cafke mini hannu.

"Mama, don Allah kar ki sa a baki!"

Na ce, "Malama, to da me zan gane ta? Da kunne?"

Ta yi dariya, amma ba ta saki hannuna ba sai da ta wanke mini yatsan da ruwan gorarta. Sannan ta zauna a kan turmi ta yi mana bayani. Ta ce ruwan dam da ake jawowa gidan ruwa ja yake zuwa, cike da ƙasa. Sai a zuba masa alif, irin wanda muke jefawa a randa in ruwa ya yi gurɓi, datti ya dunƙule ya kwanta a gindin tanki. Lokaci-lokaci sai a wanke tankin a tura lakar waje, ta koma rafi ta cike shi. Binciken da take yi shi ne ko za a iya amfani da wannan laka maimakon a zubar. Ta gwada yin 'yan tubala ƙanana da ita a tandar lantarki ta makarantarsu, amma tana son ta ga yadda za ta yi a wutar kara da kirare, irin wadda talaka zai iya hurawa. Ta ce wannan wutar ba ta san ta ba, mu muka san ta.

Ni dai abin ya shiga raina. Na yi ta jero mata tambayoyi. Ashe duk jan ruwan nan da muke gani ƙasa ce ke tafiya? Ƙasar ina? Ta ce ta gonaki da tuddai da cikin daji, duk inda ruwan sama ya bi ya wanko. Na ce, "Har da ta wajen rafinmu?" Ta ce ba za ta rantse ba, amma ba abin mamaki ba ne. Na daɗe ina kallon bokitin nan. Na ce mata ta bar shi a nan.

Kasko na fara ginawa da lakar zalla. Daɗin hannu kam ba a magana, kamar ana shafa man kaɗanya. Da ya kwana biyu a inuwa sai ya tsuke ya koma kamar na wasan yara, ya tsattsage ta ko'ina. Rifkatu ta zo ta auna tsagar da ɗan ma'auninta, tana murna kamar an yi mata kyauta. Na ce wannan yarinya lafiyarta kuwa, aiki ya lalace tana dariya? Ta ce yanzu ta san iyakar tsukewarta. Daga nan muka shiga gauraye. Ita tana zuwa da sikeli, ni ina aunawa da ƙwarya. Mu zuba jar ƙasar gari da yawa, laka kaɗan, garin tsingaro kaɗan, mu kwaɓa da ƙafa mu bar shi ya kwana. Wani ya zube, wani ya fashe a wuta da ƙara har kaji su watse. Ita ta gano cewa sai an shanya lakar ta bushe an daka ta tukuna, ba a zuba ta da ruwanta ba. Ni kuma na gano ba ta son wuta mai gaggawa, sai an fara da hayaƙin ƙaiƙayi a hankali. Da muka haɗa biyun, kasko ya fito lafiya. Na ɗaga shi na ji ba nauyi, har na juya shi ina duba ko ya ɓule. Rifkatu ta ce akwai ruɓaɓɓen ganye da ciyawa a cikin lakar, wuta ta cinye su ta bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, shi ya sa ya yi shafal, kuma irin wannan jiki yana riƙe zafi.

Ranar nan na ce mata gobe randa zan gina. Sai ta daina dariya. Ta ce, "Mama, randa kam a'a. Tukunyar miya ma a'a." Ta ce a saman rafukan da ke zuba a dam akwai masu wankin zinare, akwai magungunan feshi na gona, kuma duk abin da aka raba ruwa da shi a cikin lakar nan yake taruwa. Ta kai samfuri ɗakin gwaji, an ga ɗan ɓurɓushin dalma. Wata ƙila wuta ta ɗaure shi ba zai fito ba, wata ƙila ya riƙa tsattsafowa cikin ruwa a hankali, ba ɗaci ba wari, sai bayan shekaru a gani a jikin yara. Kafin ta iya cewa komai sai ta gwada lakar rani da ta damina, shekara guda ke nan ko fiye. Amma murhu, in ji ta, abinci ba ya taɓa shi. Ta zana mini wani a ƙasa da tsinke, mai baki ɗaya da kunnuwa uku daga ciki. Ta ce da irin wannan jiki mai riƙe zafi, itace kaɗan zai dafa abin da murhun duwatsu ke cinye dami a kai. Itace kuwa tun da daji ya rufe ya zama abin lallaɓawa a kowane gida.

Na kai wa Iya Kande maganar, domin filin gashi a hannunta yake, ba a hura babbar wuta sai da izininta. Lokacin ta tsufa ƙwarai, da sanda take tafiya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "An sha daga tukunyarta?"

Na ce, "Iya, yarinyar ta ce kada a sha."

"To ƙasar da ba a sha daga cikinta ba, ba ta shiga filina."

Rifkatu ta zo da kanta ta durƙusa, ta ce, "Iya, abin da kuke yi da tukunyar farko shi nake yi a ɗakin gwaji. Nawa ne dai yake da jinkiri." Iya ta ce ta ji, kuma ta gode, amma ita ba ta gaji jinkiri ba, sha ta gada. Ni kuma na tsaya a tsakiya. In na sha, na saɓa wa wadda ta san abin da ke cikin lakar. In ban sha ba, babu gashi. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma-yamma, alamar rani ya kusa ƙarewa. Lantana ta ce ta gaji da kallon tsofaffi suna gardama a kan bokiti. Ta yi magana da wasu 'yan acaɓa za su sauke su a bakin daji ranar Asabar, ita da mata uku, su ƙarasa da ƙafa. Na ce mata, "Lantana, ki tuna waɗanda aka ɗauka." Ta ce, "Gwaggo, su ma yunwa ce ta kai su, ba yawo ba." Tsoro ya kama ni sosai.

Ranar Alhamis ina dakan tsingaro sai abu ya faɗo mini. Ƙa'idar tamu ai ba da sha take farawa ba. Na ajiye taɓarya na je na sami Iya na ce, "Iya, kin yanke hukunci a kan ƙasar da ba ki taka raminta ba. Uwarki haka ta yi?" Ta harare ni, ta ce in miƙo mata mayafinta. Gaskiya ban san abin da zuwan zai haifar ba. So nake dai ta gani, ni ma in gani, domin duk tambayoyin da nake yi ban taɓa leƙa wurin ba.

Washegari da hantsi Rifkatu ta nemo mana izinin shiga, muka ɗauki Iya a keke mai ƙafa uku zuwa gidan ruwa. Wani dattijo mai kula da tankunan, Malam Bawa, ya tarbe mu. Ya nuna mana inda jan ruwa ke shigowa daga dam yana tumbatsa, da inda ake zuba alif, da inda ruwan ke juyawa a hankali datti yana dunƙulewa kamar nono ya tsinke. Daga nan ya kai mu bakin wani ƙaton tanki na siminti. Na leƙa. Ruwa garai-garai a sama, can ƙasa kuma ga lakarmu kwance, lumui. Na tambayi Malam Bawa ko ba ta tashi ta sake gauraya, ya ce in ba a dame ta ba haka take kwanciya, daga sama-sama ake janye ruwan, ya bi ta cikin yashi ya ƙara tacewa, a sa masa magani, sannan ya shiga bututu.

Iya Kande ta jingina da sandarta tana kallon tankin. Can ta ce, "Malam, ruwan nan na sama, ina yake zuwa?"

"Gidajenku, Iya. Famfon unguwarku ma daga nan ne."

"Tun yaushe yake kwana a kan ƙasar nan?"

"Tun kafin a ɗauke ni aiki."

Ta ce a ba ta kofi. Malam Bawa ya kai mu famfon da ke bakin fita, inda ruwa ya gama bin duk matakansa, ya tara mata. Ta yi bisimilla ta sha, ta juya shi a baki kamar yadda take wa yumɓu, ta haɗiye. Ta miƙo mini na sha. Sai ta ce, "Hansai, ga tukunyar farko nan, ba mu muka gina ta ba. Ruwa ya kwana a cikinta, gari duk ya sha, mu ma mun sha tun ranar da muka sauka a garin nan. A hura wuta."

Rifkatu ta matso da sauri ta ce, "Iya, ki gafarce ni, wannan fa ba ya nufin a gina randa da ita. Ruwan ya bar dattinsa ne a cikin lakar, shi ya sa ya yi kyau."

Iya ta ce, "'Yar nan, kurma kika mai da ni? Murhu na ce. Randa sai ranar da kika zo kika sha a gabana."

Daga gidan ruwa gidan Lantana muka wuce. Mun tarar ta ɗaure buhunanta da ɗan gatarin haƙa a bakin ƙofa. Iya ta gaya mata an karɓi ƙasa, jibi za a kwaɓa. Lantana ta ce murhu ai ba gini ba ne, ita randa ta koya. Iya ba ta yi gardama da ita ba, ta zauna a kan buhunan ta ce a kawo mata ruwan alwala, a nan za ta yini, gobe ma a nan za a same ta. Da 'yan acaɓa suka zo da safe, tsohuwa suka tarar zaune a kan kayan. Suka gaishe ta suka juya.

Gashin farko mun yi shi ana saura ƙiris ruwa ya sauka. Wasu sun fashe, mafi yawa sun fito. Sayarwa ce ta ba mu wuya, domin mai sayen kayan yumɓu da ƙwanƙwasawa yake saye, in ya ji ƙara tangaran ya ce lafiyayye ne. Murhun nan kuwa in an ƙwanƙwasa shi wani dum-dum yake yi kamar fasasshe. Sai a ajiye mana abinmu a wuce. Na ɗauki guda na kai wa wata mai ƙosai a bakin tasha, na ce ta yi aiki da shi, in ya fashe ta jefar. Bayan mako ta aiko a kawo mata na biyu, ta ce icen da take gamawa kafin hantsi yanzu yana kai ta azahar. Masu shayi suka biyo baya, sannan matan gida. Yanzu duk ranar da za a wanke tanki Malam Bawa yana aiko mana, mu je da amalanke, mu sa safar hannu da Rifkatu ta ce dole ne, mu rufe hanci in za mu daka. Lantana ta fi kowa iya kunnuwan murhu, har yau kuma tana cewa ba gini ba ne.

Rifkatu tana zuwa tana ɗibar samfurinta na rani da na damina. Har yanzu ba ta ce a gina randa ba, ni ma ban gina ba. Iya Kande ta rasu ba ta ga wannan ranar ba, Allah ya ji ƙanta. Da aka buɗe kayanta sai aka sami wani curi naɗe a tsumma, an ce in ji ta a ba ni. Yumɓun raminmu ne na cikin daji, ragowar wanda muka taho da shi, ta ɓoye shi duk wahalar nan ba ta gina komai da shi ba.

Shi ne wannan da kuke gani ina fitowa da shi duk ranar da sabuwar yarinya ta zo, kuna ƙyalƙyala dariya wai Gwaggo na ba mutane ƙasa su ci. Lakar gidan ruwa ba a sa ta a baki, saboda haka ku da kuka fara da ita hannu kawai kuke da shi. Ranar da daji ya buɗe, wata a cikinku za ta tsaya a gaɓar rafin nan, ga ƙasa iri-iri a gabanta, ba Iya, wata ƙila ba ni, kuma dole ta gane wadda ce. Da aka ba ni curin nan ya kai girman goruba, yanzu bai fi ƙwan zabo ba. Don haka ke mai ƙunshi, matso. Gutsuri kaɗan, ki ɗora a harshe, kada ki yi saurin tofarwa.